Dokina ya koma cizo da tabarya, ga Babbar Sallah ta matso

Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga ƙasar Argungu. Gidanmu gidan hawa ne tun kakanni, kuma mahaifina bai taɓa fashin hawan Sallah a tawagar hakiminmu ba har Allah ya karɓi ransa. Bara na tara kuɗi na sayi ingarma ɗan shekara huɗu a hannun wani dillali, don kada turken mahaifina ya zauna babu doki. Da farko lafiya lau muke zaune, amma a hankali ya fara ƙin linzami, har ta kai sai an murɗe masa kunne kafin a sa masa. Idan ana ɗaure majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikinsa, yakan juyo ya kai cizo, kuma ya taɓa harbin yaron da ke kula da shi. A hawan Ƙaramar Sallah, da 'yan bindiga suka yi harbi, sai ya yi tabarya, wato ya tashi tsaye a kan ƙafafunsa na baya, ya dira ya zabura da ni cikin mutane, ya ture wata yarinya mai talla. Allah ya taƙaita, gurjewa kawai ta yi a hannu. Baffana, wanda shi ya koya mini hawa, ya ce raini ne, a sa masa linzamin da ya fi wannan tsini, a hana shi ruwa da abinci, a ba shi bulala har ya san mai shi. Inna ta ce in sayar da shi kafin ya kashe ni ko ya kashe ɗan wani. Wasu kuma sun ce baki ne ya kama shi. Yini yake a ɗaure a turke, ina ba shi dawa da dusa safe da yamma, kuma saboda kasuwa ba na kai shi kilisa sai sau ɗaya a mako. Ba na son saɓa wa Baffa, ba na son ɓata wa Inna, kuma zuciyata ta ƙi yarda da dukan. Saura ƙasa da wata biyu Babbar Sallah. Yaya zan yi?

Wani mai karatu daga ƙasar Argungu, Jihar Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka ladan niyyarka ta raya abin da ya bari. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne cewa da farko lafiya kuke zaune da dokin. Dabbar da ta shigo gida tana karɓar linzami da sirdi ba gardama, sannan cikin 'yan watanni ta koma cizo da harbi, wani abu ne ya same ta a tsakani, kuma abin da zafi ko tsoro ya koya wa doki akasari ana iya warware shi idan an gano tushensa. Saboda haka ina ganin akwai gyara, sai dai gyaran ba a kan sirdi zai fara ba. Dole ka sauko ƙasa, ka tsaya da ƙafafunka kusa da shi, ka sake koya masa komai tun daga farko.

Kafin maganar doki, akwai haƙƙin yarinyar nan. Idan ba ka riga ka je gidansu ba, ka roƙi Baffa ya raka ka, ku duba ta, ka biya kuɗin magani da na tallan da ya zube, ka nemi afuwar iyayenta. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Risala ta faɗa a sarari cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta su ne ke da alhakin abin da ta taka. Wannan hukunci shi ya kamata ya zama ma'auninka wajen yanke shawarar hawa mai zuwa, domin idan ka sake shiga taro da dokin da ka san ba ka mallaki kansa ba, duk abin da ya faru yana wuyanka.

Abu na farko a jikin dokin shi ne bakinsa. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar doki yana famfara, kuma a wajen shekara huɗu zuwa biyar ne fiƙar ingarma ke fitowa, wato dai dokinka yana cikin lokacin da bakinsa ya fi kowane lokaci taushi. Ban da wannan, turamen haƙoran doki ba sa daina fitowa, kuma tauna takan bar musu gefe mai kaifi da ke yankan kumatu da harshe. Linzami kuma yana zama ne a kan wannan fili marar haƙori da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, inda fata 'yar siririya ce kawai ta rufe ƙashi. Linzaminmu na gargajiya, mai tsini a tsakiya da zoben da ke kewaye haɓa, idan aka fizge shi yakan soki ganda ya matse muƙamuƙi a lokaci guda. Ka sa likitan dabbobi ya buɗe bakin ya duba sosai, ya goge kaifin haƙoran idan akwai, ya ga ko harshe ko dasashi sun yanke. Ka fara da asibitin dabbobi mafi kusa da kai, idan kuma abin ya fi ƙarfinsu, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma ba ta da nisa da ku. Idan an sami rauni, kada ƙarfe ya sake shiga bakin nan sai ya warke sarai.

Cizon da yake kaiwa lokacin ɗaure majayi shi ma ƙorafi ne. Ka bi bayansa da tafin hannu a hankali, daga inda geza ta ƙare har zuwa ƙugu, kana ɗan dannawa, ka lura ko zai lotsa ko ya kwantar da kunnuwa. Ka duba hammatarsa inda majayi ke wucewa ko akwai gurjewa ko kumburi. Farin gashi da ya tsiro a wurin zaman sirdi alama ce ta tsohon matsi. Sirdinmu na itace ne, kuma wanda aka sassaƙa wa faffaɗan doki ba lallai ya zauna wa siriri ba. Idan ka ɗora shi, ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin itacen da ƙashin bayan. Dokin da sirdi ke ci yana cikin halin mai ɗauke da kaya a ka alhali akwai tsakuwa a cikin gammonsa, kuma ba shi da bakin da zai ce a sauke.

Sai kuma zamansa, wanda a ganina shi ne rabin matsalar. Allah ya halicci doki da ƙaramin ciki, don ya yini yana tafiya yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, kuma cikinsa yana fitar da ruwa mai tsami dare da rana ko akwai abinci ko babu. Ingarma mai jini a jika da aka ɗaure kwana shida a wuri ɗaya, ana ɗura masa dawa sau biyu a rana, ƙarfi ne ke taruwa a jikinsa babu mafita, kuma tsawon sa'o'in da cikinsa ke zama wayam yana iya jawo masa gyambon ciki, wanda shi ma yakan sa doki ya tsani majayi. Ka rage hatsin sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, kada ka yanke shi rana ɗaya, ka ƙara harawa da busasshiyar ciyawa mai tsabta yadda kusan kullum akwai abin tauna a gabansa. Doki yana bukatar busasshen abincin ganye da ya kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo 5 zuwa 7 ga mai nauyin kilo 350. Ruwa kuwa yakan sha lita 25 zuwa sama, kuma a bazarar Kebbi, da zafi ke haura digiri 40, bukatarsa ta fi haka nesa. Hana shi ruwa na iya jawo murɗewar ciki da ke kashe doki cikin kwana ɗaya, shi ya sa a wannan gaɓar kam ba zan ce ka yi sassauci ga kowa ba. Sannan ya riƙa fita kullum, ko da jansa za a yi da hannu na rabin awa.

Yanzu ga aikin kansa. Ka nemi fili mai yashi, nesa da yara, ka riƙa zuwa bayan sallar Asuba kafin ka fita kasuwa, minti 15 zuwa 20 kullum, domin ɗan gajeren aiki na yau da gobe ya fi doguwar wahala ta rana ɗaya amfani. Ka sa masa ragama mai laushi da igiya mai tsawon mita 3 zuwa 4, ka sa takalmi rufaffe, kuma kada ka taɓa naɗe igiya a hannunka. Ƙa'idar da za ka riƙe guda ɗaya ce: doki yana gane abin da ake so ne a daidai lokacin da aka sakar masa matsi. Idan ka ɗan ja igiya ya tako, ka sassauta nan take, ya koyi cewa takowa ke kawo sauƙi. Idan ya tako amma ka ci gaba da ja, bai koyi komai ba sai cewa biyayya ba ta da amfani. Idan kuma ya fizge kai ka saki, ka koya masa fizga. Ka duba yadda ake sa masa linzami yanzu: yana ɗaga kai sama, hannun mutum ya kasa kaiwa, ya sami 'yan daƙiƙu na hutu, don haka kullum darasin yana ƙara zauna masa. Saboda haka kullum ka fara da roƙo mafi sauƙi, ka ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan idan bai amsa ba, kuma da ya nuna alamar ƙoƙari, ko da karkata jiki ne kawai, ka saki cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wanda ya makara wajen saki ya ɓata darasin.

Ka fara da tafiya kana gefen kafaɗarsa ta hagu, ku taka, ku tsaya, ku ja da baya. Idan ya nemi ture ka ko ya wuce gabanka, kada ka dake shi, ka sa shi ya ja da baya taku uku ko huɗu, sannan ku ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan ja da bayan shi ne maganin cizo ma, tare da daina ba shi abinci a tafin hannu, domin dokin da ya san akwai tazarar da ba ya ƙetarewa sai an gayyace shi ba ya samun damar kai baki. Daga nan ka koya masa sunkuyar da kai: ka ɗora hannu a bayan kunnuwansa ka ɗan danna, ka jira, da kan ya sauko ko da faɗin yatsa ne ka ɗauke hannu. Tunda an sha murɗe masa kunne, wataƙila a kwanakin farko ba zai bari ka kai can ba, to ka shafa wuyansa zuwa inda ya yarda, ka janye tun bai guje ba, ka dawo ka ƙara gaba kaɗan. Sai ka koya masa kawar da ƙugu: ka lanƙwaso kansa kaɗan zuwa gare ka, ka taɓa haƙarƙarinsa inda ƙafarka ke zama idan kana kai, har ya tsallaka ƙafar baya ɗaya gaban ɗaya. Wannan darasi shi zai cece ka wata rana, domin dokin da ƙafafunsa na baya ke tsallake juna ba ya iya tashi tsaye, ba ya kuma iya zabura. Duk abin da ka koya masa ta hagu ka sake koya masa ta dama. Idan waɗannan sun zauna, ka ƙara tsawon igiya ya riƙa kewaya ka, yana tafiya yana sassarfa yana tsayawa da jin muryarka, amma kada kewayen ya wuce minti goma, tunda ƙasusuwan doki, musamman na gadon baya, ba sa gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida.

Ka koyi karanta jikinsa yayin da kuke aiki. Kunnuwan da suka kwanta baya, wutsiyar da ke kaɗawa da ƙarfi da farin ido da ya bayyana gargaɗi ne cewa ka yi sauri, ka koma matakin da ya iya. Idan ya sauke kai, ya lashi leɓe, ya fesar da numfashi, to ya huce, kuma a irin wannan lokacin ya kamata ka tashi daga aikin ranar.

Idan baki ya warke, ka dawo da linzami marar tsini, mai gaɓa a tsakiya, irin na masu tseren dawaki. Ka shafa masa ɗan zuma, ka sa ya sunkuyar da kai, ka zura babban yatsanka a gefen baki inda babu haƙori, zai buɗe da kansa. Kada ƙarfen ya bugi haƙoransa wajen shiga, kuma wajen cirewa ka bari shi ya saki. Majayi kuma ka ɗaure shi sako-sako da farko, ku ɗan taka, ka ƙara, ku sake takawa, sannan ka ƙarasa.

Game da abin da ya faru ranar hawa, zan tambaye ka abu ɗaya, ba don in ɗora maka laifi ba: da bindiga ta tashi, me hannunka da ƙafarka suka yi? Kusan duk mahayin da ya firgita yakan damƙe linzami ya matse ƙafafu lokaci guda, sai ƙaimi ya ce wa doki tafi, linzami ya ce masa tsaya, kuma idan gaba ta toshe baya ta toshe, sama ce kaɗai ta rage masa. Idan ya sake tashi kana kai, ka kwanta gaba, ka kama geza, ka saki linzami gaba ɗaya, domin ja a wannan hali shi ke kifar da doki ta baya a kan mahayinsa. Idan kuma ka ji yana tattara jiki zai tashi, ka lanƙwasa kansa gefe da hannu ɗaya ka kawar da ƙugunsa kamar yadda kuka saba a ƙasa. Ka ajiye ƙaimi a wannan lokacin, ka sa hular kwano idan ka koma hawa, ko da abokai za su yi magana.

Tsoron ƙara kuwa da sabo ake rage shi. Ka sa wani ya kaɗa ganga daga nesa kana riƙe da shi a ƙasa, ba a ɗaure ba, yadda zai iya motsawa. Da ya natsu a daina kiɗan, gobe a matso kaɗan. Haka za ka yi da laima da babbar riga mai kaɗawa da babur, bindiga kuma ita ce ta ƙarshe, daga nesa ƙwarai, kuma yana tsaye kusa da tsohon dokin da ya saba da hawa, domin dawaki suna ɗaukar natsuwa daga junansu.

A nan ne Baffa zai shigo, kuma ina so ka dube shi da adalci. Yana da gaskiya cewa ingarma ba a barinsa ya ture mutum, kuma yana magana ne da tsoron kada a ce hawa ya mutu a gidan ɗan'uwansa. Inda na saɓa da shi shi ne hanyar, domin bulala a kan dokin da ke jin zafi tana haifar da ɗayan biyu, ko ya ƙara faɗa ko ya mutu a zuci ya jira ranar da zai fashe a cikin taro. An kuma ruwaito a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska. Amma kada ka tare shi da hujja a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Baffa, ina so ka zo ka tsaya a kai lokacin da likita zai duba bakin dokin nan, kai ka fi ni ido." Dattijon da ya ga yankakken harshe da idonsa ba ya bukatar a yi masa bayani. Sannan ka roƙi aron tsohon dokinsa da rakiyarsa wajen kilisa, ka tambaye shi yadda mahaifinka yake riƙe linzami. Mahayan kirki na fada, idan ka lura da su, da hannu ɗaya suke riƙo kuma igiyar a sake take, shi ya sa linzami mai tsini ba ya yi wa dawakinsu rauni. Baffa ya san wannan, kuma idan ka nemi iliminsa maimakon ka ƙalubalanci umarninsa, da wuya ya ƙi ba ka 'yan makonni ka gwada.

Yaron da ke kula da shi kuwa dokin ya taɓa harbinsa, don haka a tsorace yake, kuma mai tsoro shi ya fi saurin ɗaga sanda. Ka riƙa zuwa da shi filin horo ya ga yadda ake yi, ka hana shi murɗe kunne da duka, ka nuna masa cewa doki yana gani kusan ta kowane gefe ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa, don haka kada ya ɓullo masa ta baya shiru. Idan kai ka gyara da safe shi ya ɓata da yamma, babu inda za ku je. Masu maganar baki kuma, addu'a ba ta taɓa zama asara ba, ka yi wa kanka da dabbarka, amma kada ta hana ka kiran likita.

Tsoron Inna ba shi da aibi ko kaɗan, kuma abin da zai kwantar mata da hankali alkawari ne da za ta iya gani. Ka ce mata ba za ka hau shi cikin taro ba sai ya karɓi linzami kansa a ƙasa ba tare da an riƙe shi ba, ya tsaya cik ana ɗaure majayi, ya tsaya da taɓin hannu mai sauƙi daga sukuwa, kuma ya ji bindiga a kusa bai zabura ba, a ranaku daban-daban. Gaskiyar da zan gaya maka ita ce da wuya duk wannan ya kammala kafin Babbar Sallah, kuma shawarata ita ce ka cire shi daga lissafin hawan bana tun yanzu, don gaggawar cika wa'adi ita za ta mayar da kai ga bulala. Ka ari doki mai hankali ka fita a tawagar hakimi, sunan gidanku bai faɗi ba. Naka kuma, idan ya nuna ci gaba, wani ya ja shi da ragama a can gefen fili ya ga taro daga nesa, a mayar da shi gida tun bai gaji ba.

Idan an yi wata uku zuwa huɗu ana wannan aiki, likita ya tabbatar babu ciwo, amma tabarya ba ta ragu ba, ka kai shi wurin gogaggen mai horar da dawaki wanda ka ga aikinsa da idonka, ka kuma tabbatar dawakin da suka fito hannunsa ba sa gudun hannun mutum. Fiɗiya a hannun likita ma takan rage zafin kan ingarma, ko da yake na san mahaya da yawa a wajenmu ba sa son ta. Idan kuma ka ga kasuwa ba za ta bar ka ka ba shi lokacinsa na kullum ba, sayar da shi ba abin kunya ba ne, da sharaɗin ka faɗa wa mai saye duk abin da ka faɗa mini, har da labarin ranar Sallah, kuma kada ka sayar wa wanda zai ɗora yaro a kansa. Ka rubuto mini abin da likita ya gani a bakin, daga nan mu san irin linzamin da ya dace da shi. Allah ya ba yarinyar lafiya, ya kiyaye ka.